Darasi A Kan Maganin Metadon

Darasinmu na wannan wata a kan wani magani ne mai ƙarfi wanda likitoci su ke kira metadon. Aikinsa iri biyu ne. Ya kan kwantar da zafin ciwo mai tsanani, kamar na ciwon daji. Ya kan kuma taimaki wanda ƙwaya ta kama ya rabu da ita. Amma yana da wani hali wanda ba kowa ya sani ba, mutane da yawa kuwa sun mutu saboda rashin sanin halin nan. Domin haka ya kamata mai sha, da mai jinya, da mai ziyarar marasa lafiya su san shi sosai.

1. Asalinsa

Akwai wani tsiro da a ke nomawa a ƙasashen Asiya, ana tsaga ƙoƙon 'ya'yansa a tara ƙaron da ya ke fita. Ƙaron nan shi ne ofiyam. Daga gare shi a ke samun mofin da kodin da hiroyin. Metadon da taramol ba daga tsiron su ke ba, haɗa su a ke yi, amma aikinsu cikin jiki irin na ofiyam ne. Duk dangi ɗaya ne: suna kashe zafi, suna sa barci, idan sun yi yawa kuwa su kan rage numfashi har ya tsaya.

A Jamus aka haɗa metadon gab da Yaƙin Duniya na Biyu, ya shiga Amurka a 1947 a matsayin maganin ciwo. A 1964 likitoci biyu na birnin New York, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka soma ba masu shan hiroyin shi sau ɗaya kowace rana. Suka ga ƙishin ƙwayar ya kwanta, mutanen suka koma aiki da makaranta. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya wajaba kowace ƙasa ta tanada. A Afirka ma, asibitin Muhimbili na Dar es Salaam a Tanzaniya ya buɗe ɗakin ba da shi a 2011.

Zancen nan bai yi mana nisa ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka fitar a 2019, ya nuna mutum wajen miliyan 4 da dubu 600 sun sha irin su taramol da kodin ba bisa umurnin likita ba cikin shekara guda. A watan Mayu 2018 kuwa gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi.

2. Halin da ya kamata mu sani

Ga kan darasin. Idan mai ciwo ya sha metadon, sauƙin da ya ke ji ya kan ɗauki awa 4 zuwa 8. Amma maganin kansa bai fita ba. Kafin rabinsa ya bar jiki sai ya yi wajen yini da kwana, ga waɗansu ma fiye da kwana biyu. Watau zafi ya kan komo tun magani yana nan cikin jini.

Bari mu yi misali da randa mai ɗan huji a gindi. Kowace safiya ana zuba mata tulu ɗaya, ruwa yana ɗiga sannu sannu, na jiya bai ƙare ba na yau ya zo. Haka ruwan zai riƙa hawa har kwana 5 zuwa 7 kafin ya tsaya wuri ɗaya. Wanda ya leƙa ran farko ya ce ruwa kaɗan ne, ya ƙara tulu biyu, ran uku ko ran huɗu sai randa ta yi ambaliya. Haka ya ke da metadon. Abin da bai yi wa mutum kome ba ran Litinin yana iya tsai da numfashinsa cikin barci ran Alhamis. Shi ya sa makonni biyu na fari su ne mafi hatsari, shi ya sa kuma likita ya kan fara da kaɗan, ya jira kwanaki kafin ya ƙara. Kada mu zarge shi da rowa. Sannu ba ta hana zuwa.

3. Dokokin sha

(a) Kada a ƙara ko kaɗan bisa abin da likita ya rubuta. In zafi bai kwanta ba, a koma wurinsa.

(b) Kada a haɗa shi da giya, ko burkutu, ko maganin barci irin su Valium, ko taramol da kodin. Dukansu suna danne numfashi, idan sun gamu kuwa nauyin ya ninka.

(c) A gaya wa likita kowane magani da a ke sha. Rifamfisin na tarin fuka ya kan sa metadon ya fita da sauri, waɗansu magunguna kuwa su kan sa ya taru. Mai ciwon zuciya, ko asma, ko ciwon hanta, shi ma ya faɗi, gama metadon yana iya ɓata bugun zuciya.

(d) Kada a ba wani. Abin da jikin mai sha ya saba da shi ya isa ya kashe wanda bai saba ba. A kulle shi cikin akwati, gama kurɓi ɗaya na iya kashe ƙaramin yaro.

(e) Kada a bari farat ɗaya. Yin haka ya kan kawo hamma, da majina, da zufa, da zawo, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci. Mace mai ciki ma kada ta bari da kanta. Likita shi ne zai rage sannu sannu.

(f) Wanda ya yi kwana uku bai sha ba, kada ya koma kan adadin dā sai ya ga likita, domin sabon jikinsa ya riga ya ragu.

4. Idan ya yi yawa

Ga alamu: barci mai nauyi wanda kira da girgiza ba su tashe shi, minshari irin wanda ba a saba ji ba, numfashi jefi jefi, leɓe da farce sun sāke launi, baƙin ido ya tsuke kamar kan allura. Kada a ce a bar shi ya huta. Kada a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. A kwantar da shi a kan gefensa, a kai shi asibiti nan da nan, a tafi da kwalbar maganin. Akwai makarinsa, sunansa nalokson, amma ƙarfinsa minti 30 zuwa 90 ne kawai. Saboda haka ko ya farka kada a ɗauko shi gida sai likita ya sallame shi.

5. Wata tambaya

Waɗansu 'yan'uwa su kan ce, ashe wannan ba musanya ƙwaya da ƙwaya ba ne? Sai mu duba amfanin da ya ke haifarwa. Mai shan ƙwayar kasuwa bai san abin da ya ke haɗiya ba, yininsa duka neman ta ne. Mai karɓar metadon wurin likita yana shan abin da aka auna, ba ya buguwa, yana iya noma, yana ciyar da iyalinsa. An kuma tabbatar masu zama kan magani sun fi tsira daga mutuwa bisa waɗanda suka bari. Idan mun kunyatar da irin wannan har ya yar da maganinsa, sa'an nan ya koma ga ƙwaya da jikin da ya rasa sabo, muna da hannu cikin abin da ya same shi. Gara mu raka shi asibiti, mu tuna masa ranar komawa, mu nema masa aikin yi.

Tambayoyi

1. Don me zafi ya ke komowa tun magani yana cikin jini?
2. Waɗanne kwanaki ne suka fi hatsari, don me kuma?
3. Faɗi alamu uku da ke nuna magani ya yi yawa.
4. Ina a ke ajiye magunguna a gidanku? Hannun yaro yana kaiwa wurin?