Warin Parazone ba shi ne tsafta ba

Aikin jinya nake yi a ɗakin jarirai marasa lafiya, kuma a Buokrom da ke Kumasi nake zaune, shi ya sa 'yan uwa na Zango kan biyo ni gida da tambaya: an ce bakwainin ya fara samun sauƙi a kwalba, me ya sake tayar masa da ciwo? Wani lokaci a ɗakin ya ɗauki cutar. Ƙwayoyi irin su Klebsiella da Acinetobacter suna iya yin makonni da ransu a jikin ƙofar kwalba, da sikeli, da maɓallan na'ura, suna jiran hannun da zai kai su ga jaririn da garkuwar jikinsa ba ta nuna ba.

Mutanen Kumasi ba su manta da 2017 ba, lokacin da rahoton ɗan jarida Seth Kwame Boateng ya nuna jarirai cunkushe a gado ɗaya a asibitin Komfo Anokye, har aka tara kuɗi, kowa ya sa hannu, matar shugaban ƙasa a lokacin, Rebecca Akufo-Addo, ta buɗe sabon ɗakin uwa da jariri a Janairun 2018. Gini ya rage cunkoso. Amma gini ba ya wanke tsumma.

Abokan aiki, ga inda aka fi yin sakaci. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya ratsa dauɗa. Idan busasshen nono ko jini na kan tebur, sai an fara wankewa da ruwa da sabulu, sannan a bi da kulorin, irin su Parazone. Ƙarfinsa 0.1% ne ga tebur da makamantansa, 0.5% idan jini ya zuba. In kwalbar Parazone ta ce 5%, awo 1 ake zubawa cikin awo 49 na ruwa don samun 0.1%, da mazubi mai alama, ba da ido ba. A haɗa sabo kullum, don wanda ya kwana a buɗaɗɗen bokiti ƙarfinsa ya tafi. A bar wurin a jiƙe aƙalla minti ɗaya. Na sha ganin an shafa an tsane nan take, wari ya cika ɗaki, kowa hankalinsa ya kwanta, alhali maganin bai gama aiki ba.

Kwalbar jariri kuwa, kada a sa mata kulorin da yaro a ciki. Sai an mayar da shi wata, a kwance ta gaba ɗaya, katifa, robobin ƙofa, da mazubin ruwan da ke ba ta laima, wanda aka fi mantawa. Kowane gado da nasa tsumman, daga sama zuwa ƙasa, daga mai tsafta zuwa mai datti.

Abin da ya fi damuna shi ne masu goge-goge. Su ke riƙe da wannan aikin, amma da wuya a kira su horo. Kuma akwai kayan da mai shara ke tsoron taɓawa, mu kuma muna zaton an goge. A rubuta a bango: wa ke da alhakin sikeli, wa ke da na'urar auna iska, da ƙarfe nawa.

Ku kuma iyaye da 'yan barka, in an tsayar da ku a ƙofa ba wulaƙanci ba ne. Maijego ta cire zobe da awarwaro, ta wanke hannu har gwiwar hannu, ta bar waya a jaka. In ta ga ba a goge gadon ɗanta ba, ta yi wa nas magana.