Shawara Ga Matashin Da Ke Son Yin Habaici Da Zane

Kai matashin Tafoki ko Faskari da Allah ya ba hannun zane, abin zanawa bai yi maka kaɗan ba: taki ya yi tsada, asibiti ba magani, gona ta gagara zuwa saboda 'yan bindiga. Zanen barkwanci na isar da saƙo har ga wanda bai yi boko ba, amma yana da ƙa'idojinsa.

Da farko, ka nufi hali, ka bar fuskar mai shi. A 1799 Francisco Goya na ƙasar Sifaniya ya fitar da jerin zane 80 mai suna Los Caprichos, waɗanda ya zana a farantan jan ƙarfe aka buga a takarda. Ya caccaki camfi da auren kwaɗayi da jahilcin manya, amma ya shelanta cewa ba wani mutum takamaimai yake nufi ba. Likitan bogi sai ya mai da shi jaki yana duba bugun jinin majiyyaci, malamin da bai san komai ba shi ma jaki ne yana koyar da ɗan jaki. Kai kuwa tatsuniya ta riga ta ba ka kura da gizo da dila. Zana kura zaune kan buhunan takin tallafi. Wanda ya tsargu, da shi ake.

Na biyu, zane ɗaya, magana ɗaya. Kada rubutun ƙasa ya wuce layi guda. Ka riƙa duba aikin Mustapha Bulama a jaridar Daily Trust, ka ga yadda yake rage tarkace har saƙo ya fito fili. In ka gama, nuna wa wani dattijo ba tare da bayani ba. In sai ka yi sharhi kafin ya gane, koma ka sake.

Na uku, san inda za ka tsaya. Kada ka yi wasa da addini, ko nakasa, ko mutanen da aka sace da iyalansu. Kada ka zana wani sananne a gari a matsayin mai kai wa 'yan bindiga rahoto, domin a yankinmu irin wannan zargi na iya cin rai.

Na huɗu, yi tunani kafin ka saka a Facebook ko WhatsApp, don abin da ya fita ba ya dawowa. Goya kansa, duk da kusancinsa da fada, ya janye zanensa daga kasuwa don tsoron kotun coci, kuma a 1803 ya miƙa farantan ga sarki.

Ka ajiye asalin kowane zane da kwanan watansa, kuma kada ka zana abin da ba za ka iya kare gaskiyarsa a gaban mai gari ba.