Littafin Lura da Halittu: Darasi ga Mai Farawa

Babu ɗalibin da bai san fara ba. Amma in aka ce ya zana ta da ka, sau da yawa sai ya jera mata ƙafafu tun daga wuya har ƙarshen ciki, alhali kuwa duka shidan a ƙirji suke, haka ma fukafukanta. Ya daɗe yana ganinta, bai taɓa lura da ita ba. Maganin wannan shi ne ajiye littafin lura, inda mutum zai riƙa zana halittun da ke kewaye da shi, yana rubuta bayaninsu. Hannu ba ya zana abin da ido bai tantance ba, don haka zane ke tilasta wa mai shi ya duba da kyau.

Kayan aiki

Ana bukatar littafi mai kauri a bango wanda zai shiga aljihu, da fensir, da reza ta fiƙewa, da rula. Fensir ya fi biro domin ruwa ba ya ɓata rubutunsa. Kafin a ja layi ko ɗaya, a rubuta kwanan wata, da lokaci, da sunan wuri, da yanayin gari. Zanen da ba shi da waɗannan bayanai ado ne kawai, ba ya zama hujja a kimiyya.

Matakan zane

A fara da abin da ba ya gudu, kamar ganyen dogonyaro. Ajiye shi a gabanka ka yi minti biyu kana kallo ba tare da ka taɓa fensir ba. Daga nan ka shata babbar siffarsa da layi marar nauyi, ka auna tsawo da faɗi da rula, ka rubuta su da santimita a gefe. Sai ƙirge: ƙananan ganye nawa ne a kan sandar? Suna fuskantar juna, ko a karkace suke? Za ka tarar bakin kowanne yana da haƙora kamar zarto, ya kuma lanƙwasa kamar lauje, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Jijiyoyi su ne na ƙarshe. Abin da fensir ya kasa nunawa, irin su launi da ƙamshi da kaushi, a ja kibiya a rubuta shi da kalmomi.

Tsuntsu kuwa ba ya jira. A yi masa siffar ƙwai a matsayin jiki, da ɗan da'ira a matsayin kai, a ƙara baki da wutsiya, a kwatanta girmansa da na kurciya ko kaza. In ya tashi, a dakata nan. Kada a cike sauran da tsammani, domin rabin zane na gaskiya ya fi cikakke na ƙirƙira.

Amfanin naci

Darajar littafin tana ƙaruwa ne da shekaru. A 1736 wani mai gonaki a yankin Nofok na Ingila, Robert Marsham, ya fara rubuta ranar da itatuwa ke toho da ranar da tsuntsaye masu ƙaura ke dawowa. Zuriyarsa ta ci gaba da aikin har 1958, kuma masana sun yi amfani da bayanan wajen gano yadda ɗumamar yanayi ke gaggauta tohon itatuwa.

Mu ma muna da alamominmu. Manomi ya san zuwan shamuwa yana nuna damina ta kusa, ya san gawo yana zubar da ganye da damina ya yi toho da rani. Amma wace rana shamuwa ta sauka a garinku bara, wace rana ta sauka shekara goma da suka wuce? In ba a rubuta ba, sai gardama, kowa da abin da ya tuna. Ɗalibin da ya rubuta ranar a bana ya ajiye wa masu binciken gobe shaidar da ba za a iya komawa baya a samo ba.

Aikin gwaji

Zaɓi itace ɗaya kusa da ɗakin kwananka ko gidanku. Ka ziyarce shi sau ɗaya a mako har wata uku, kana zana reshe guda a kowace ziyara, kana rubuta ƙwari da tsuntsayen da ka tarar a kansa. Kada ka yage shafin da bai yi maka kyau ba, domin da shi za ka auna ci gaban hannunka da na idonka.