Darasi: Sanin Tazara a Dambe

Bayan kaka akan yi dambe a garuruwan ƙasar Daura, kamar Mai'aduwa. Ɗan dambe yakan naɗe hannu ɗaya da tsumma da zare. Shi ne makaminsa. Ɗayan kuwa garkuwa ne, yakan miƙa shi gaba don auna tazara.

In garkuwa ta taɓa abokin karawa, naushi zai kai. In ba ta taɓa ba, naushi ya tafi a iska, haƙarƙari ya buɗe. Don haka dogo yakan tsaya nesa, gajere kuwa sai ya kutsa ciki. Wanda ya kuskure awo ya sha ƙasa, an kashe shi ke nan.

Tambaya: Don me gajere yake matsowa kusa?