Sauya Firosesa a Tsohuwar Kwamfutar Ofis: Yaushe Kwalliya Ke Biyan Kuɗin Sabulu?

Duk wanda ya zaga unguwannin da ke kudancin kogin Kaduna, irin su Barnawa da Kakuri da Narayi da Sabon Tasha, zai tarar da wata irin kwamfuta a shagunan buga takardu da wuraren cike fom ɗin jarrabawa da ɗakunan kwamfuta na makarantu: baƙin akwati mai ɗauke da sunan Dell OptiPlex, ko HP EliteDesk, ko Lenovo ThinkCentre. Galibinsu na hannu ne, wato tokumbo. Sun gama hidimarsu a ofisoshin Turai da Amurka, aka yi jigilarsu zuwa Legas, da yawa suka ratsa ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, sa'an nan suka iso Arewa. Domin lissafi da rubuta wasiƙu aka ƙera su, amma saboda arhar da suke da ita, su ne matasa suka fi saye domin wasannin kwamfuta, waɗanda yara ke kira gem.

Da zarar wasan ya fara sarƙewa, 'yan ƙwallon da ke cikin allo suka shiga tafiya kamar masu ɗingishi, shawarar da ɗalibi ya fi ji daga abokai ita ce ya canza firosesa. Wani lokaci shawarar daidai ce. Sau da yawa kuwa kuɗin da aka yi wata da watanni ana tarawa ne ke salwanta, wasan kuma yana nan yadda yake. Hanyar tantancewa ba ta wuce awo da ɗan lissafin da ɗan aji huɗu na sakandare zai iya ba.

Rabon aiki a cikin akwati

Firosesa ita ce ɗan falle mai kusurwa huɗu da ke gudanar da umarnin da manhaja ta bayar. Ta farko da kamfanin Intel ya fitar kasuwa, mai lamba 4004, ta shekarar 1971, tana da tiransisto 2,300. Core i7-3770 ta shekarar 2012, wadda a yau ake yi wa kallon tsohuwa, tana da kimanin biliyan 1.4. A cikin wasa, firosesa ce ke lissafin inda ƙwallo za ta faɗa, da abin da kowane ɗan wasa zai yi, da maɓallin da aka danna. Idan ta gama, sai ta miƙa wa katin hoto, shi kuma ya zana abin da ido zai gani, ɗigo bayan ɗigo. Motsin da ake gani jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri, kuma kowane hoto sai ya bi ta hannun su biyun.

Mutanen Kakuri ba sa buƙatar dogon bayani a kan irin wannan rabon aiki. A masaƙar Kaduna Textiles, wadda ta fara aiki a 1957 aka rufe ta a 2002, sashen kaɗi ne ke mai da auduga zare, sashen saƙa kuma ya mai da zare yadi. Idan injinan saƙa ne suka gaza, ƙara injinan kaɗi ba zai ƙara ko yadi ɗaya ba, sai dai zare ya taru jibgi. Idan kuma zare ne ya yi ƙaranci, injinan saƙa za su tsaya suna jira komai sabuntarsu. Sashen da ya fi nawa shi ke yanke yawan abin da zai fita daga ƙofar masana'anta.

Ga yadda lissafin yake. Domin a sami hoto 60 a daƙiƙa, dole a gama kowane hoto cikin milisakan 16.7, watau 1,000 a raba da 60. A ɗauka, alal misali, firosesa na gama nata aikin cikin milisakan 10, katin hoto kuma sai ya ci milisakan 40. Da yake suna aiki ne a lokaci guda, ɗaya na shirya hoto na gaba yayin da ɗayan ke zana na yanzu, mai nawar ne ke yin hukunci: 1,000 a raba da 40, hoto 25 ke nan a daƙiƙa. In aka sayo firosesa mai gamawa cikin milisakan 7, amsar ba ta motsa ba, 25 ce dai. In kuwa kati aka canza da wanda ke gamawa cikin milisakan 15, sai a haura hoto 60.

Wannan misali ya yi kama ƙwarai da halin da yawancin kwamfutocin ofis ke ciki, domin ba su zuwa da katin hoto na daban sam. Ɗan ƙaramin sashe ne a cikin firosesar kanta ke yin zanen, kamar HD Graphics 2500 da ke cikin Core i5-3470, wanda ya ishi takardu da bidiyo kawai. Abin lura shi ne, lokacin da aka fitar da wasan Grand Theft Auto V na kwamfuta a 2015, firosesar da masu shi suka ba da shawarar a yi amfani da ita ita ce wannan i5-3470 ɗin, tare da RAM mai gigabait 8 da kati GTX 660. Ke nan mai irin wannan akwati ya riga ya mallaki firosesar da ake nema. Kati ne babu.

Gano mai laifi

Ba a biyan ko kwabo kafin a yi wannan bincike. A Windows, danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare yana buɗe Task Manager, inda ake ganin kashi nawa cikin ɗari na ƙarfin firosesa da na sashen hoto da na RAM ake ci yayin da wasa ke gudana. Wanda ya manne a kusa da 100, alhali sauran na hutawa, shi ne sashen da ya gaza. Sai dai a yi hattara: wasa na iya cika cibiya ɗaya tak daga cikin cibiyoyin firosesa, jimillar ta nuna kashi 40, a zaci akwai sauran ƙarfi. Don haka ya kyautu a duba cibiyoyin ɗaya bayan ɗaya.

Gwaji na biyu ya fi wannan sauƙi. A rage yawan ɗigon hoton, daga 1920 sau 1080 zuwa 1280 sau 720. Na farko ɗigo 2,073,600 ne, na biyu 921,600, ƙasa da rabi. Aikin kati ya ragu sosai, na firosesa kuwa kusan bai canza ba. Idan wasan ya saki jiki, kati ne ke riƙe da shi. Idan bai ko gezau ba, to a nan ne ake fara zargin firosesa. Haka kuma, idan RAM gigabait 4 ce kacal, ko kuma tsohon faifai mai juyawa ne a ciki maimakon SSD, waɗannan su suka cancanci kuɗin farko, domin sun fi arha kuma amfaninsu ya shafi kowane aiki.

Gurbi da abin da zai karɓa

In an tabbatar firosesa ce ta gaza, sai tambaya ta biyu: wace ce za ta shiga? Firosesa na zama ne a wani gurbi a kan babban allo, wanda masu gyara ke kira madabod, kuma kowane zubi da irin gurbinsa. OptiPlex 7010 ta shekarar 2012 tana da gurbin LGA1155, mai ƙananan allurai 1,155. OptiPlex 9020 kuwa tana da LGA1150. Bambancin allura biyar ne a suna, amma firosesar ɗaya ba ta shiga gurbin ɗayar, kuma wanda ya matsa da ƙarfi allon zai lalata.

Akwai tarkon da ya fi wannan kama mutane. Gurbin LGA1151 ya ɗauki zubi na 6 da na 7 na firosesocin Intel, sa'an nan aka ci gaba da amfani da sunan a zubi na 8 da na 9. Firosesa ta zubi na 8 za ta zauna daram a cikin OptiPlex 7040, a rufe, a kunna, allo ya tsaya baƙi ƙirin, domin sauran na'urorin babban allon da manhajarsa ta tushe, wato BIOS, ba su san ta ba. Kamfanonin da ke haɗa kwamfutocin ofis kan taƙaita firosesocin da allonsu zai karɓa, saboda haka littafin bayanin wannan samfurin shi ne abin dogaro, ba rantsuwar mai shago ba.

Ko a cikin waɗanda za su shiga, ribar ba ɗaya ba ce. Core i3-3220 cibiya biyu gare ta. Wanda ya maye gurbinta da i5-3470 mai cibiya huɗu ya ninka ma'aikatansa, kuma a wasannin da ke da cunkoson mutane da motoci zai ga bambancin da idonsa. Wannan shi ne sauyin da ya fi kowane biyan kuɗinsa. Amma daga i5-3470 zuwa i7-3770 cibiyoyin huɗu ne dai. Ƙarin da aka samu shi ne kowace cibiya na iya riƙe layin aiki biyu, kuma ƙololuwar gudu ta tashi daga gigahaz 3.6 zuwa 3.9, kimanin kashi 8 cikin ɗari. Sabbin wasanni na amfana da ƙarin layukan, tsofaffi kuwa da ƙyar. Ga shi kuma 'yan kasuwa sun san i7 ce ƙarshen abin da gurbin zai ɗauka, don haka farashinta kan ƙi sauka. Firosesa mai harafin K a ƙarshen lambarta, wadda ake iya tilasta wa gudu fiye da ƙa'ida, ɓarnar kuɗi ce a nan, domin allon ofis ba ya ba da wannan dama.

Wuta da zafi da ƙura

Akwatin wutar ƙaramar OptiPlex 7010, samfurin da ake kira SFF, wat 240 yake bayarwa, na babbar kuma 275. An ƙiyasta i5-3470 da i7-3770 a kan wat 77 kowace. Ramin da ake soka katin hoto, bisa ƙa'ida, ba ya wuce wat 75, a wasu ƙananan akwatuna ma bai kai haka ba. Shi ya sa ake neman katunan da ba su buƙatar wata wayar wuta ta daban, kamar GTX 1050 Ti na 2016 ko GTX 1650 na 2019, kuma gajeren samfurinsu idan akwatin siriri ne. Canza akwatin wutar ma ba kullum yake yiwuwa kai tsaye ba: a 9020, Dell ta yi amfani da mahaɗi nata na kanta mai baki 8 maimakon mai 24 da aka saba.

An tsara waɗannan na'urori ne domin ofis mai sanyi. A Kaduna, cikin Maris da Afrilu, zafin rana kan haura digiri 35, hunturu kuma ya riga ya cusa ƙura a tsakanin haƙoran ƙarfen da ke sanyaya firosesa. Idan zafinta ya doshi digiri 100, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Alamar ita ce wasa ya fara lafiya lau, bayan minti goma ko ashirin ya soma ja da baya. Irin wannan ba sabuwar firosesa take so ba. A bushe ƙurar, a goge busasshen man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, sau da yawa shi ke nan.

Wanda zai yi sauyin da hannunsa, ya fara sabunta BIOS tun tsohuwar firosesa na ciki, kuma kada ya kuskura ya yi haka ba tare da UPS ko wata tsayayyiyar wuta ba, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar wannan aiki na iya kashe allon. Sa'an nan ya zare waya daga bango, ya taɓa ƙarfen akwatin don ya sauke lantarkin da ke taruwa a jiki, wanda ya fi yawa a busasshiyar iskar hunturu. Akwai ɗan alwatika mai ruwan zinariya a kusurwar firosesa da ke nuna yadda za ta fuskanta. Ajiye ta ake yi a hankali, ba a dannawa, kuma yatsa ba ya taɓa alluran gurbin. Wasu tsofaffin akwatunan wuta suna da ɗan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Na Nijeriya 230 ne, kuma kayan da suka fito daga Amurka a duba su kafin a jona.

Inda hanya ta ƙare

Akwai iyakar da babu firosesar da za ta tsallake a tsohon allo. Wasu sabbin wasanni na buƙatar rukunin umarni mai suna AVX2, wanda Intel ta fara sakawa a zubi na 4 a 2013. Duk firosesar da ke shiga LGA1155 ba ta da shi, har i7-3770, don haka irin waɗannan wasanni ba za su ko buɗe ba. Bugu da ƙari, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na 8 take farawa, in ban da 'yan kaɗan. Saboda haka kafin a zuba kuɗi a kan i7 ta 2012, ya kamata a haɗa farashinta da abin da za a samu in an sayar da tsohon akwatin, a gwada da farashin tokumbo mai Core i5-8500, wadda ke da cibiya shida. Katin hoto da SSD suna iya bin mai su zuwa sabon akwati, tsohuwar firosesa kuwa a tsohon allo za ta tsaya.

Malamin da ke da kwamfuta ko da guda ɗaya a makaranta zai iya mai da wannan darasin aji. Ɗalibai su karanta lambar samfurin a jikin akwati, su nemo gurbinsa da ƙarfin akwatin wutarsa, su kunna wasa ɗaya a matakan ɗigo biyu da aka ambata, su rubuta hoto nawa ake samu a daƙiƙa a kowanne, sa'an nan su mai da adadin zuwa milisakan. Daga nan kowane rukuni ya rubuta sashen da zai fara saya, tare da alkaluman da ya dogara da su.