Kafin Ka Raina Kwasa-kwasan Lissafi

Ɗana, Allah Ya sanya alheri a wannan gurbi da ka samu na karatun kimiyyar kwamfuta, Ya sa ka shiga a sa'a. Na san hankalinka duk yana kan ranar da za ka haɗa manhajar waya da hannunka. Buri ne mai kyau, kuma za ka kai gare shi in sha Allahu. Amma bari in faɗa maka abin da za ka tarar kafin nan, don kada ranka ya ɓaci a banza.

A aji ɗaya da wuya ka ga abin da ya kai ka. Lissafi ne, da fizis, da Turanci, sai ɗan share fage a kan kwamfuta. A nan gwiwar yara da yawa take yin sanyi, su ce ba wannan suka zo nema ba, su koma fashin lakca suna bin bidiyon YouTube masu alkawarin mayar da mutum gwani cikin wata guda. Ban hana ka kallo ba. Sai dai ka sani, a yawancin jami'o'inmu makin aji ɗaya yana cikin lissafin sakamakonka har ranar fita, wanda ya zubar da shi kuwa yakan daɗe bai farfaɗo ba.

Za a koya maka yaren rubuta manhaja, ko Python ko Java ko C, gwargwadon zaɓin sashenku. Kada ka shiga gardamar wanne ya fi. Na gabanku da Fortran da Pascal da COBOL aka yaye su, a yau kaɗan ne cikinsu suke cin abinci da waɗannan. Python ɗin da ake yayi sai a 1991 ya fito, Java a 1995, kuma kafin ka yi furfura wasu za su zo. Yare tufa ne, ana sakewa. Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne kwas ɗin tsara bayanai da dabarun warware matsala, wato algorizim.

Ga dalilina. A ce an ba ka sunayen ɗalibai miliyan ɗaya, ka nemo guda. Idan ɗaya bayan ɗaya za ka bi, kana iya dubawa sau miliyan kafin ka same shi. Idan kuwa a jere suke bisa haruffa, sai ka buɗe tsakiya, ka watsar da rabin da ba ya ciki, ka sake raba sauran biyu, haka har ka isa. Dubawa 20 ta ishe ka. Shi kansa jerawar haka take: mai kwatanta kowane suna da kowane zai yi kwatance kusan biliyan 500, mai bin hanyar rabawa da haɗewa da John von Neumann ya tsara a 1945 kuwa bai wuce kimanin miliyan 20 ba. Kwamfuta ɗaya ce, wutar ɗaya, yaren ma ɗaya. Tunanin mai rubutun ne ya bambanta. Da sunaye 50 na aikin gida ba za ka ga bambancin ba, shi ya sa ɗalibi yake zaton malami wahalar da shi kawai yake yi. Ranar da manhajarsa ta sandare a gaban jama'a zai gane.

Haka lissafin nan na mantiƙi da ƙirge da hujja da ake zuba muku, wanda ba a ganin amfaninsa a ido. Hanyar gano tafarki mafi kusa tsakanin wurare, wadda Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959, har gobe ana aiki da ita wajen tura saƙo a intanet. Tsarin ɓoye saƙo na RSA da aka fito da shi a 1977 a kan gaskiya guda ya tsaya: ninka manyan lambobi biyu da ba sa rabuwa abu ne mai sauƙi, amma gano su daga sakamakon jan aiki ne. Kai da kake sha'awar tsaron intanet ko ƙirƙirarriyar basira, ta wannan ƙofa za ka shiga, tare da aljabara da ƙididdiga. Tun 2022 hukumar jami'o'i ta NUC ta fitar da sabon kundin darussa, inda tsaron intanet da kimiyyar bayanai da injiniyancin manhaja kowanne yake da digirinsa, amma ginshiƙinsu ɗaya ne da naka.

A aji uku za ka gamu da ginin cikin kwamfuta, da babbar manhajar da take raba wa sauran ƙwaƙwalwa da lokaci, da rumbun bayanai, da sadarwa. Kwasa-kwasai ne masu nauyi, kuma haddace su ba ya tsinana komai. Ka sa Linux, wanda yake ɗaya daga cikin irin wannan babbar manhaja, a kwamfutarka ka yi ta tonawa. Wayar Android da ke aljihunka a kansa aka gina ta, kuma Linus Torvalds ɗalibi ne a Helsinki lokacin da ya fara shi a 1991. Rumbun bayanai kuwa ka ba shi haƙƙinsa, don banki da asibiti da ma'aikata duk wanda ya iya yarensa na SQL suke nema.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin rubuta manhaja da hannu. Ana iya fita da sakamako mai kyau alhali mutum bai taɓa rubuta manhajar da ta yi aiki ba, saboda jarrabawa a takarda ake yi, aikin gida kuma mutum ɗaya ke yi aji ya kwafa. Yanzu ga ChatGPT ya ƙara sauƙaƙa kwafar. Ɗana, wannan cutar kai ce. Duk abin da aka koya da safe, ka zauna da dare ka buga shi, ya ƙi aiki, ka bi layi-layi har ka gano inda ka kuskure. Da koyo akan iya. In ka nemi taimakon na'ura, kada ka miƙa layin da ba za ka iya yi wa abokinka bayaninsa ba. In wuta ko data ta gagara, ka bi aikin a takarda mataki-mataki, ka gwada shi idan an kawo.

Lokacin SIWES, watannin nan na koyon aiki, ka nemi inda za a ba ka aiki na gaske ko da ba ko sisi, ka guji inda sa hannu kawai ake yi a littafi. Furojet ɗin aji huɗu kuma kada ka saya. Ka ɗauki ƙaramar matsala ta kusa da kai, kamar lissafin bashin ɗan kasuwa ko manhajar da za ta gyara rubutun Hausa ta mayar wa ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarsu, ka gama ta tsaf, ka riƙa ajiye kwafinta a wuri biyu.

Wata rana wani zai zo maka da zancen shiga asusun mutane, ya ce ai kai ka san hanya. Haram ne, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 tana ɗaure mutum a kai. Ka ce masa a'a tun a zaman farko.

Idan ka yi rajista ka aiko min da jerin kwasa-kwasanka na zangon farko mu duba tare. Allah Ya yi maka albarka.