Lokaci Mai Zuwa a Ingilishi: Tarkon da Faransanci Ke Ɗana wa Ɗalibin Tasawa da Mayahi

Ɗalibin kwaleji a Tasawa ko Mayahi yana tarar da Ingilishi ne bayan ya sha Hausa a nono, ya kuma yi shekaru shida na firamare cikin Faransanci. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya sanya Hausa harshen ƙasa a Nijar, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, dangantakar harsunan uku ta cancanci a dube ta da idon basira.

Aikatau na Ingilishi ba shi da ɗafa-ƙeya ta lokaci mai zuwa. Faransanci na da ita, kamar a “j’arriverai”, amma Ingilishi sai ya nemi taimakon wasu kalmomi. “Will”, wadda asalinta aikatau ce mai nufin so, ita ake ɗauka wajen hasashe da alkawari da shawarar da aka yanke nan take. “Going to” kuwa ta niyyar da aka riga aka ƙulla ce, ko abin da alamarsa ta bayyana. Manomin gero da ya ga hadari ya haɗu daga gabas cewa zai yi “it is going to rain”. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin “za” ɗin da ke cikin “za mu tafi” daga ma'anar tafiya ta samo tushe, har yau muna cewa “za ni kasuwa”.

Inda gizo ke saƙa shi ne jimlar da ta fara da “when”, “after”, “before”, “until” ko “as soon as”. Mu ɗauki matafiyin da ya hau mota daga Tasawa zuwa Maraɗi. Da Faransanci zai ce “quand j’arriverai à Maradi, je t’appellerai”, duka ɓangarorin biyu a lokaci mai zuwa. Da Ingilishi dole ɓangaren farko ya tsaya a lokaci na yanzu: “when I arrive in Maradi, I will call you”. Ɗalibin da ke fassara daga Faransanci a zuciyarsa sai ya rubuta “when I will arrive”, ya yi asarar maki a jarrabawar BEPC.

To, ya Hausa take yi? “In na isa Maraɗi, zan kira ka.” Aikatau na farko a shuɗaɗɗen lokaci yake, alhali ba a isa ba tukuna. “In zan isa” wata magana ce dabam. Ashe Hausa da Ingilishi sun yi tarayya wajen ƙin lokaci mai zuwa a wannan gurbi, ko da yake kowanne da abin da ya maye gurbin da shi. A ganina malamin da ya rubuta jimlar Hausa a allo kafin ta Ingilishi ya fi wanda ya bi ta Faransanci saurin kai yaro ga fahimta.

Sai dai a kiyaye: idan “when” tambaya take ɗauke da ita, “will” na dawowa. Ana cewa “I don’t know when he will arrive”, kamar yadda muke cewa “ban san lokacin da zai iso ba”. Nan ma “zai” ta fito a daidai inda “will” ta fito.